Yadda Ake Tsare Gida da Dukiyar Iyali Tun Ana Raye: Wasiyya, Kyauta da Wakafi a Saudiyya

Akwai wani gida mai hawa uku a Hindawiyya, nan Makka, da na yi kusan shekara huɗu ina bin takardunsa. Mai shi ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Aka ce kada a tayar da maganar rabo yanzu, a bari hawaye su bushe. Kafin su bushe, uku daga cikin 'ya'yan sun bi mahaifinsu, kowanne ya bar nasa magadan. Ranar da aka kawo mini fayil ɗin, masu haƙƙi a gidan sun haura talatin: wasu a Jidda, ɗaya tana aure a Kano, biyu suna Gadarif ta Sudan, ga marayu huɗu da ba su balaga ba. Ba dama a sayar, ba dama a rushe a sake gini, sai kowa ya sa hannu ko ya aiko da wakala, wato takardar wakilci. Yau akwai yaya da ƙani a gidan nan da ko a Harami suka haɗu ba sa gaisawa.

Da mai gidan ya ba maganar nan sati uku yana da rai, da ba a kai nan ba. Aikina ke nan shekaru masu yawa: zirga-zirga tsakanin mahkama, wato kotu, da ofishin kitabatul adli, inda ake rubuta takardu a hukumance, a kan gado, wasiyya da wakafi, galibi na 'yan'uwanmu Hausawa, masu jinsiyya, wato 'yan ƙasa, da masu igama, wato takardar izinin zama. Zan bi da kai hanyar kamar yadda nake bi da wanda ya zo wurina. Da "kai" nake magana, amma Hajiya mai gida a Rusaifa da zinare a ƙarƙashin katifa, har da ke.

Abin da za ka tanada

Littafi ɗaya mai bango mai ƙwari. Kada ka ce za ka rubuta a waya. Waya tana da lambar sirri, kuma lambar tana tafiya kabari tare da mai ita. Sai hawiyya, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko igama wadda ba ta mutu ba, da asusunka na manhajojin gwamnati Absher da Nafath a kan lambar wayar da ke da sunanka, domin ta nan ake shiga Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a da yanzu kusan komai ke bi ta cikinsa.

Tattaro sakkin kowane gida ko fili, wato takardar mallaka, ko da tsohuwa ce ta rubutun hannu wadda ta yi ja. Haɗa da takardun aure, na saki, na haihuwar yara, lambobin asusun banki, istimarar mota, wato takardar rajistarta, da sijilin shago, wato rajistar kasuwancinsa. Nemi shaidu biyu amintattu waɗanda ba magadanka ba, kuma ka zaɓi waɗanda ka girma. Na sha ganin wasiyyar da shaidunta duka biyu suka riga mai ita tafiya. Na ƙarshe, malami wanda ya san fara'ili, ilimin rabon gado, da gaske, da lauya mai lasisi idan dukiyar ta kai a kira ta dukiya.

Mataki na 1: Rubuta abin da kake da shi, da abin da ake bin ka

Raba littafin gida uku. Gaba, abin da ka mallaka: gida, fili, shago, mota, zinare, kuɗin banki, har da haƙƙin ƙarshen aiki da kake bin wurin aikinka, wanda dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta sa rabin albashin wata a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan haka. Tsakiya, bashin da kake bin mutane. Baya, wanda ake bin ka, da amanar da ke hannunka.

Wannan na baya shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi cin rai. Mu nan ajiya ta yi mana yawa: kuɗin alhazan da suka bari a saya musu kaya, zinaren wata ƙanwa, kwasar adashin da ka ɗauka ba ka gama zubi ba, ragowar sadakin da aka jinkirta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rubuta sunan mai shi, adadi, rana, da lambar wayarsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma tsarin shari'a ba ya canzawa: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado.

Mataki na 2: Duba sunan da ke kan takarda

Buɗe sakkin ka karanta shi da idonka. Sunan wa ke ciki? Idan sunan mahaifinka ne da ya rasu shekara ashirin da suka wuce, to ba ka da gidan da za ka yi wa tsari tukuna; kana da rabo ne a gadon da ba a raba ba, kuma shi za ka fara warwarewa. Idan sunanka ne amma tsohon sakki ne na takarda, nemi a sabunta shi ya koma na intanet ta hanyar Ma'aikatar Shari'a, a ɗaura shi a kan lambar hawiyyarka. Kura-kurai a nan suke fitowa: an rubuta Abubakar a sakki, hawiyya ta ce Bakar, faɗin fili bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba. Kai da ke raye za ka gyara wannan cikin makonni. Magadanka sai su shekara.

Wanda ya raina takarda ya tambayi mutanen Jidda. Da aka fara rushe tsofaffin unguwanni a ƙarshen 2021, irin su Gulail, Karantina, Sabil da Kandara, mai sakki an yi masa lissafin diyyar ƙasa da gini, wanda ba shi da shi kuwa gini kawai aka duba. Takardar ciniki da aka rubuta a zaure da shaidun unguwa ba ta zama sakki ba, ko ta kai shekara hamsin.

Sai babbar matsalarmu, wadda ba a son faɗa a fili: gidan da kai ka biya kuɗinsa amma yana kan sunan wani. Dalilin sananne ne. Dokar shekarar 2000 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gida a cikin iyakokin Makka da Madina, sai dai ta hanyar gado, ko kuma idan za a mayar da gidan wakafi ga wata hukuma ta ƙasar. An fito da sabuwar doka a 2025 da ta sassauta, amma da nata sharuɗɗa da wuraren da ta iyakance. Kafin nan mutane da yawa sun saya da sunan suruki ko ɗan kawu mai jinsiyya. To ka sani, ranar da mai sunan ya faɗi, gidan ya shiga gadonsa. 'Ya'yansa ba su ci gishirin da kuka ci da ubansu ba. Na zauna da wani dattijo a Shara Mansur yana roƙon yaron da aka yi wa suna a gabansa: "Ɗana, ka san gidan nan gumina ne." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Baba, amma mu takwas ne, kuma sauran sakki suke gani." Ba ƙarya ya yi ba.

Idan kana cikin wannan hali, kada ka tsaya ga 'yar takardar da kuka rubuta tsakaninku a ɓoye, domin ita kanta tana iya zama shaidar saɓa doka. Je wurin lauya tun ku biyun kuna raye, ya duba mafitar da doka ta yarda da ita, ko da sayarwa ce a ba ka kuɗinka. Haka shagon da ke kan sijilin wani: dokar 2020 ta hana tasattur, wato yin kasuwanci a ɓoye da sunan wani, tana kai mutum ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar da tarar da za ta iya kaiwa riyal miliyan biyar, don haka magadanka ba za su iya tsayawa gaban alƙali su ce shagon babansu ne ba.

Mataki na 3: Tabbatar da su waye magadanka a takarda

Mahkama ba ta san wanda unguwa ta sani ba. Idan akwai auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta ba, ko matar da ke Kano ko Zinder da iyalin nan ba su san da ita ba, ko yaron da ba shi da takardar haihuwa, yanzu ne lokacin gyarawa. Ana shigar da buƙatar tabbatar da aure a mahkamar al'amuran iyali. Ɗan ƙasa da ya auri baƙuwa ba tare da izinin hukuma ba yana da ƙarin hanya a gabansa, amma ya fi sauƙi ya bi ta da ƙafarsa da a bar bazawara tana neman shaidun ɗaurin auren da aka yi shekara talatin baya. Saki ma a rubuta shi da ranarsa, domin matar da aka yi wa sakin kome tana gado muddin mijin ya rasu tana cikin idda.

Mataki na 4: Yi lissafin rabon kamar yau aka yi rasuwar

Mutane na ƙin wannan, wai kamar kiran mutuwa ne. Ni kuwa ban ga abin da ke buɗe wa mai gida ido kamarsa ba. Zauna da malamin, ku ɗauki ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i, ku sa lambobi.

A ce bayan bashi abin da ya rage gida ne na riyal 840,000, ka bar mace ɗaya, mahaifiya, maza biyu, mata uku. Matar tana da sumuni, 105,000. Mahaifiya tana da sudusi, 140,000. Ragowar 595,000 a kasa bakwai: kowane namiji 170,000, kowace mace 85,000. Idan matan aure biyu ne, sumunin nan ɗaya za su raba, 52,500 kowacce. Yanzu ka tambayi kanka: matar da ta yi shekara arba'in a gidan nan, da 52,500 ina za ta zauna idan aka sayar?

Ko kuma a ce 'ya'ya mata kaɗai gare ka, su uku, iyayenka sun rasu. Suna da kashi biyu cikin uku, 560,000, matarka 105,000, sauran 175,000 na 'yan'uwanka ne na jini. Hukuncin Allah ne, ba abin da za a yi wa dabara ba. Amma gara ka san cewa baffanni za su zama abokan tarayyar 'ya'yanka a gidan, ka shirya yadda za a biya su rabonsu da kuɗi ba sai an sayar da rufin da ke kan yaran ba.

Mataki na 5: Rubuta wasiyya

Hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Iyakokinta biyu ne. Ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kamar yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har ya ce sulusin ma da yawa. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai idan sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Dokar al'amuran iyali da Saudiyya ta fitar a 2022 a kan wannan ta tafi.

To wa za a ba sulusin? Fara da wanda gado ba zai kai gare shi ba alhali yana cin tuwon gidanka. Na farko jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa: muddin kana da wani ɗa namiji a raye, ya kange su, ba su da ko riyal. Masar ta tilasta musu wasiyya a dokarta tun 1946, amma kai a nan rubuta musu da hannunka. Sai ɗan riƙo, agola, 'yar'uwar da ta tsufa a ɗakin baya. Bayansu a zo ga masallaci da rijiya.

Rubuta da kaso, kamar "sudusin abin da na bari", maimakon adadin kuɗi kawai, domin dukiya na hawa tana sauka. Ka ambaci wasiyyi, wato wanda zai zartar da ita, da wanda zai kula da dukiyar ƙananan yara har su cika shekara 18. Idan ba ka ambata ba mahkama ce za ta naɗa, kuma akwai hukuma ta musamman mai kula da dukiyar marayu ga wanda ba shi da mai tsaya masa.

Tun daga 2021 rubuta wasiyya da wakafi ya koma hannun kitabatul adli, kuma ta Najiz ake nema. Idan takardunka na zama ba su ba ka damar shiga ba, kada ka zauna haka: rubuta da hannunka, sa rana, sa hannu, shaidu biyu su sa nasu da lambobin shaidarsu. Za ta buƙaci a tabbatar da ita a mahkama daga baya, amma ta fi "ai Baba ya taɓa cewa" nesa ba kusa ba. Kana iya canza wasiyya duk lokacin da ka so. In ka canza, ka rubuta a sabuwar cewa ta shafe ta baya.

Mataki na 6: Kyauta, ga abin da kake so ya fita tun yanzu

Abin da wasiyya ba za ta iya ba, kamar ba matarka shagga ɗaya, wato sashe guda na gidan bene, ta zama tata, kyauta tana iyawa. Sharaɗi ka yi ta kana da lafiya. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, don haka sa hannun da ake karɓa a gadon asibiti ba ya tsayawa idan wani magaji ya ja. Kuma dokar mu'amaloli ta 2023 ta ce kyautar gida ko fili ba ta ƙulluwa sai an rubuta ta a hukumance. "Na ba ki ɗakin sama" a gaban baƙi ranar Sallah ba ta fitar da ɗakin daga gado.

Tsakanin 'ya'ya a yi adalci. Bashir ya kai ɗansa Nu'umanu don Annabi ya shaidi kyautar da ya yi masa shi kaɗai, Annabi ya ƙi shaida. Malamai sun saɓa a kan ma'aunin: mafi yawa sun ce daidai wa daida, Hambalawa sun ce a bi rabon gado. Ka zaɓi ɗaya da shawarar malaminka, ka tsaya a kai.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne cinikin ƙarya: a rubuta wai uba ya sayar wa ɗa, alhali ko sisi bai karɓa ba. Ka jawo wa kanka harajin kashi 5 cikin ɗari da aka sa a kan cinikin gidaje tun Oktoban 2020, alhali kyauta ga mata ko 'ya'ya, rabon gado da wakafi duk an yafe musu shi, illa dai a yi rajistar mu'amalar a hukumar zakka da haraji. Ka kuma bar wa sauran yara ƙofar ƙara.

Wani abu da ba kyauta ba ne, haƙƙi ne: kuɗin da matarka ta zuba a ginin. Na san Hajiyar da ta yi shekara goma sha biyar tana sayar da waina da fura lokacin aikin Hajji, ta haɗa da warwaronta, aka ɗora hawa na biyu. Sakki sunan miji. Da ya rasu, sumuni aka miƙa mata, 'ya'yan kishiya suka ce ta kawo shaida. Idan haka gidanka yake, ku je a rubuta mata kasonta a sakki, ko ka yi iƙirarin bashin a rubuce. Kuma kada ka kyautar da komai ka koma ɗan haya a gidanka.

Mataki na 7: Wakafi, idan gidan ne kake so ya tsaya

Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Haibara. Annabi ya ce masa ya riƙe asalin, ya yi sadaka da amfanin, sai Umar ya shar'anta ba a sayar da ita, ba a kyautar, ba a gada. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ita ma haka. Iri uku ne: na alheri ga jama'a, na zuriya wanda amfaninsa ke zuwa ga 'ya'ya da jikoki, da wanda ya haɗa biyun. Na zuriya shi ne maganarmu.

Ka fahimci nauyinsa kafin ka furta. Mu da muka taso a karatun Malikiyya mun saba jin cewa sai an karɓi abu daga hannun mai shi kafin ya tabbata. Mahkamomin nan sun fi bin Hambaliyya, inda wakafi ke lizimta da furuci. Ka yi, ya fita daga mulkinka, ba komowa. Sauƙin da ke ciki shi ne mazhabar ta yarda ka shar'anta cewa kai za ka ci amfanin muddin kana raye. Idan kuwa ka ce "ya zama wakafi bayan raina", to wasiyya ce, ba ta wuce sulusi.

Ba kowane gida ya dace ba, kuma a nan nake saɓa wa masu tallata wakafi kamar maganin kowace cuta. Ya dace da imara, wato babban gidan bene, mai shagga da yawa da ke kawo haya. Ƙaramin gida mai ɗaki huɗu, bayan zuriya biyu mutum sittin ne za su raba hayar da ba ta isa kuɗin fenti ba. Irin wannan lalacewar na cikin abin da ya sa Masar ta soke wakafin zuriya a 1952. Haka nan gidan da ke jingine a banki ba ya shiga wakafi sai an fanshe shi, kuma wanda bashi ya yi wa katutu ba zai ɓoye gida a wakafi don ya tsere wa masu bin sa ba.

Rayuwar wakafi tana cikin sharuɗɗan da ka rubuta, domin da su alƙali zai yi hukunci bayan ba ka nan. Kada ka bar waɗannan:

Gyaran gini shi ne farko, kafin kowa ya karɓi riyal. Yanke kaso sananne na haya a ajiye don haka. Wakafin da aka ce a rabe kuɗin duka, shekara ashirin ya zama kango.

Su wa ke ci, kuma ta wane tsari. Jikoki suna shiga tare da iyayensu, ko sai iyayen sun shuɗe? Wanda ya rasu, rabonsa na 'ya'yansa ne ko na 'yan'uwansa? 'Ya'yan 'ya'ya mata suna ciki? Kalmar "'ya'yana" kaɗai ta sha kai zuriya gaban alƙali. Fayyace.

Zama ko haya. Idan kana so matarka ta zauna a shagga ta ƙasa har ƙarshen ranta, ko 'yar da aure ya mutu ta samu wurin komawa, rubuta ƙarara.

Naziri, wato mai kula. Ambaci na farko, da wanda zai gaje shi, da yadda za a zaɓi na gaba, da ladansa, da yadda za a tsige shi. Kada ka ce "babban ɗana" kawai. Girma daban, riƙon amana daban. Ni na fi son mutum uku, a ciki har da mace ɗaya daga zuriyar. A wajabta musu asusun banki da sunan wakafin, da lissafi a rubuce kowace shekara.

Musanya. A Makka muke, inda faɗaɗa Harami da manyan tituna suka cinye unguwanni. Idan aka ɗauki gidan wakafi, diyyar ba ta rabuwa tsakanin zuriya. Ana sayen madadinsa ne da izinin mahkama. Rubuta irin madadin da kake so da garin da za a saya.

Makoma idan zuriya ta ƙare: masallaci, makarantar Alƙur'ani, ko masaukin alhazai.

Gargaɗi ɗaya da ba na sassautawa a kansa: wakafin da aka yi wa maza aka fitar da mata, ko aka ce mace tana ci ne kawai kafin ta yi aure don dukiya kada ta tafi gidan wani. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana mai kaushi a kan wakafi ga 'ya'ya maza ban da mata, malaman ƙasar nan kuma suna kiran irinsa wakafin zalunci. Wanda ya zo mini da wannan niyya, ina ce masa ya nemi wani.

Bayan sakkin wakafi ya fito, a yi masa rajista a Hukumar Wakafai ta ƙasa, a kuma tabbatar an rubuta a sakkin gidan cewa ya zama wakafi. Idan ka ga wakafi ya yi maka nauyi, akwai hanya biyu: a tsaga imarar, kowace shagga ta samu sakkinta don rabo ya zo da sauƙi; ko, ga masu kasuwanci, a kafa kamfanin iyali, tunda dokar kamfanoni da ta fara aiki a 2023 ta yarda a rubuta yarjejeniyar iyali a kan shugabanci da sayar da hannun jari.

Mataki na 8: Abin da ke can gida

Fili a Kano ko Maraɗi, dokar can ke hukunta shi, takardar Najiz ba ta motsa shi. Nemi takardar mallakarsa da sunanka, ba sunan ƙanin da ke lura da shi ba. Idan za ka ba da wakala, ta zama ta abu ɗaya sananne da wa'adi, a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan na ofishin jakadancin ƙasarku. Na Najeriya yana da ƙaramin ofishi a Jidda. Wakalar "ya yi duk abin da ya ga dama" ta cinye filaye da yawa. Masu dukiya a Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa darasi: ɗauki hoton kowace takarda, ka ajiye kwafi a nan.

Mataki na 9: Tara iyali, sannan ka nuna musu inda za su fara

Kira su bayan Isha, maza da mata, na nesa a sa su a waya. Karanta musu abin da ka tsara da bakinka. Wanda zai yi fushi ya yi yanzu kana nan ka ba shi amsa. Asalin takardu wuri ɗaya da mutum biyu suka sani, kwafi wurin wasiyyi. Duk Muharram ka buɗe littafin ka gyara, haka duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, saki ko rasuwa.

A shafin ƙarshe rubuta musu abin da za su yi. Su karɓi takardar shaidar rasuwa, su nemi sakkin ƙididdige magada, wanda ake kira hasarul warasa, ta Najiz da shaidu biyu. Ba shi, banki ba ya sakin ko riyal. Kada kowa ya taɓa katin bankinka ko ya yi aiki da wakalar da ka ba shi, domin wakala tana mutuwa tare da mai ita, kuɗin kuma ya zama na magada duka. Idan kowa baligi ne, yana nan, kuma an yarda, kitabatul adli na rubuta rabon ba sai an je gaban alƙali ba. Idan akwai maraya, ko wanda ba ya nan, ko wasiyya, ko wakafi a ciki, sai mahkama. Idan aka kasa jituwa, alƙali na iya miƙa dukiyar ga cibiyar gwamnati mai suna Infath ta yi gwanjonta a raba kuɗin. Ka sa musu wa'adi da rubutunka, wata shida misali, su gama rabon kafin wani daga cikinsu ya bi ka. A ƙasan wa'adin ka rubuta sunan malamin da lauyan da kuka yi aikin tare, da lambobin wayarsu.